Rijiya, Lambu da Ramin Loto: Nazarin Wata Taƙaddamar Ruwa a Yammacin Bukuru

Ƙarar da aka kai gaban mai unguwa ba ta da tsawo. Masu gidajen da ke gangare sun ce rijiyoyinsu sun ja ƙasa tun cikin Janairu, alhali a da sai Maris ya tsufa ake ƙara wa guga igiya. 'Yan lambun da ke bin rafi sun ce ruwa ya ragu, wanda ke zuwa kuma ja ne wur, yana toshe tiyo, yana dame ganyen latas da laka. Dukansu wuri ɗaya suka nuna: samarin da suka buɗe ramukan loto, wato ramukan haƙar kuza da hannu, a fadama bayan kaka, suka kafa injuna suna zuƙar ruwa safe da yamma. Shugaban samarin bai yi musun injuna ba. Cewa ya yi, "Ranka ya daɗe, mu ma 'ya'yanka ne. Ba mu sha ruwan kowa ba. Abin da muka jawo rafi muke mayar wa. In ana neman wanda ya ƙarar da ruwa, a tambayi masu jan tafki da injuna jere."

Unguwar tsohon barikin leburori ce a yammacin Bukuru, a yankin da ruwansa ke gangarawa kogin Ngell. Ba sai an kama sunanta ba, don irin wannan ƙara ana yin ta a Gyel, a Sabon Gidan Kanar, a Kuru, a Bisichi, har Barikin Ladi. Shimfiɗar wurin ita ce abin riƙewa. A sama akwai tafkin da kamfanin haƙar kuza ya bari, da tsibin jar ƙasa a gefensa wanda itacen turare ya rufe. Daga ƙasan tafkin ƙaramin rafi ya fito ya ratsa fadama. Gidaje na hannun dama a kan gangare, sababbin ramuka na cikin fadamar tsakanin gidajen da rafin, lambuna kuma wasu na bakin tafki, wasu na can ƙasa bayan ramukan.

Me ya sa mai neman kuza kullum sai ya ci karo da ruwa

Jos na kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga teku, kuma tana samun ruwan sama wajen milimita 1,400 a shekara, kusan dukansa tsakanin Afrilu da Oktoba. Daga Nuwamba zuwa Maris sama ba ta bayar da abin kirki. Don haka duk ruwan da ka gani yana gudu a rafi cikin Fabrairu, ba daga sama ya zo ba a watan. Ƙasa ce ta ajiye shi da damina, take sakinsa a hankali ta gefen rafi da ƙarƙashinsa.

Ma'ajiyar kuwa ba ta da yawa. Gindin tudun dutse ne mai tauri wanda ba ya riƙe ruwa sai a tsagoginsa. A kansa akwai ruɓaɓɓen dutse da marmara, waɗanda rijiyoyin gida ke sha daga gare su. Mafi kyawun ma'ajiya ita ce yashi da tsakuwar da ke kwance a kwaruruka, wato gadon rafukan yanzu da na dā can da ƙasa ta binne.

To, nan ne kuza take. Asalinta cikin dutsen ne. Da dutse ya ruɓe ruwa ya kwaso ta, kuma tun da nauyinta ya kai ninki bakwai na ruwa, ba ta tafiya nesa, sai ta nutse can ƙasan tsakuwa, dab da dutse. Wanda zai kai gare ta dole ya huda dukan abin da ke riƙe da ruwa, ya isa gindinsa. A wasu wuraren ma, ciki har da kwarin Ngell, baƙin dutsen aman wuta ya malalo ya rufe tsofaffin koguna da kuzarsu, yashin da ke ƙarƙashinsa kuwa cike yake da ruwa. Kuza da ruwa makwancinsu ɗaya, kuma wannan shi ne tushen dukan shari'ar.

Abin da kamfani ya bari

Tun kafin Turawa ana wanke kuza a rafukan wannan yanki, ana narka ta a Liruwai. Sandunan dalmar da ke yawo a kasuwanni su suka jawo hankalin Kamfanin Neja, ya turo masu bincike a 1902, zuwa 1904 kuma Kanar Laws ya kafa sansani a Naraguta, a bakin kogin Dilimi. Da farko aikin hannu ne, diga da shebur da kwanon sarki. Amma wankin kuza na cin ruwa, rani kuma dogo ne, sai kamfanoni suka shiga tare rafuka, suna yanka magudanai masu nisa a gefen tuddai don kai ruwa inda ake aiki. Wutar lantarkin da aka fara samarwa a Kwall kan Ngell a shekarun 1920, daga baya kuma a Kurra, ta ba su damar kafa manyan famfuna masu zuƙar tsakuwa da ruwa tare, daga baya aka kawo injunan haƙa masu dogon wuya da ƙaton guga. A lokacin yaƙin duniya na biyu, da Japan ta kame Malaya, Ingila ta matsa a kan kuzar Jos, aka yi ɗiban gwamna aka kwaso mutane daga lardunan Arewa. A 1943 abin da aka fitar ya haura tan 17,000, adadin da ba a sake kaiwa ba. Sai kasuwar kwalambait, wani ma'adini da ake samu tare da kuza, ta haɓaka a farkon shekarun 1950, aka koma ana tona har tsofaffin tsibin da aka zubar. Aikin ya yi ta ja baya daga shekarun 1970, faɗuwar farashin duniya a 1985 ta ƙarasa shi. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne an birkice ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita 320 ko kusa da haka, aka bar tafkuna barjat. Na Rayfield da ake zuwa shan iska ɗaya ne daga cikinsu.

Tafkin unguwar da muke magana daga wannan zamani yake. Yadda yake hulɗa da rijiyoyi shi ne abin da masu ƙara suka tsallake, wataƙila don sun tashi sun gan shi, ya zame musu wani ɓangare na halitta.

Irin wannan tafki ba ruwan sama kaɗai yake tarawa ba. An haƙa shi ya zarce inda ruwan ƙasa yake, don haka fuskarsa ita ce fuskar ruwan ƙasar, a buɗe. Da damina yana cika ya tura ruwa cikin ƙasar da ke kewaye, da rani kuma shi ke karɓa daga gare ta. Ga kuma rana da iskar hunturu. Milimita ɗaya a kan hekta ɗaya lita 10,000 ce. A ce iska na ɗauke milimita 5 a yini, to tafki mai hekta ɗaya ya yi asarar lita 50,000, wato jarka 2,000 mai cin lita 25, ba tare da kowa ya zura guga ba. Lokacin da wurin yake fadama, wannan ruwa yana ɓoye cikin yashi, yana tsattsafowa rafi kaɗan-kaɗan har ƙarshen rani.

Sai dai a yi wa tafkin adalci. Rami yana ɗaukar ruwa fiye da yashin da aka kwashe daga cikinsa, domin yashi ko ya jiƙe sharkaf abin da zai saki kusan kashi ɗaya cikin biyar na girmansa ne kawai. Ba don waɗannan tafkuna ba, da noman rani bai kai inda ya kai a Filato ba. Daga jigon da Hausawa 'yan lambu suka yi ta ja a bakin Dilimi zuwa injin fetur da ya yaɗu a shekarun 1980, kabeji da karas da tumatir da dankalin turawan da ke cika kasuwar Farin Gada, da yawansu ruwan ramin kamfani suka sha. Kamfanin bai hallaka ruwan ba, sauya masa wuri ya yi: ya ɗauke shi daga inda kowa ke samu ta rijiya da rafi, ya tara shi inda sai mai inji da mai gona a bakin tafki.

Bayan shekaru masu yawa tafkin da ƙasar da ke kewaye sun daidaita. Rijiyoyin da aka haƙa bayan tafiyar kamfani an haƙa su ne daidai da wannan sabon hali. Shi ya sa tsohon tafki shi kaɗai ba zai sa rijiya ta ƙafe bana alhali bara ba ta ƙafe ba. Dole akwai sabon abu.

Ramin loto da injinsa

Ramin loto faɗinsa na rijiya ne. Ana sauka har a cimma tsakuwar kuza, sannan a bi ta gefe da ƙananan hanyoyi, ana turo ƙasa sama da bokiti. Da zarar an huda yashin ruwa, aiki ba ya yiwuwa sai da inji. Injin ban ruwa na fetur da ke zaune a bakin rami ba ya iya tsotso ruwa daga zurfin da ya wuce mita 7 zuwa 8, a tsayin Jos ma ƙarfinsa bai kai haka ba, shi ya sa wasu ke saukar da shi cikin ramin, hayaƙinsa kuma ya sha kashe mutane a ƙasa. Masu hali sun koma sumo, wato injin da ake nutsarwa cikin ruwan, da janareta.

Idan aka zuƙe ruwa daga rami, na kewaye yana gangarowa ya cike gurbin. Wanda ya taɓa ɗiban tsaba daga tsakiyar masaki ya san yadda take: tsakiya na zurmawa, gefe na zamewa ciki, kwarin yana faɗaɗa muddin hannu bai tsaya ba. Haka fuskar ruwan ƙasa ke yi. Dab da rami ta faɗi sosai, da nisa ta faɗi kaɗan, kuma kowace rana inji ya yi aiki da'irar na ƙara faɗi. Ramuka da yawa kusa da juna kwarinsu na haɗewa ya zama ɗaya babba.

A gwada da lissafi. Injin inci uku in ɗagawar ba ta da tsawo yana iya fitar da kusan lita 1,000 a minti. A rage rabi saboda zurfi da laka. In ramin na kawo ruwa sosai, aka yi awa 10 ana ja, an fitar da lita 300,000. Tun da kowace mita ɗaya ta tsawo da faɗi da zurfi ta yashi lita 200 take bayarwa, an tsane yashi mai kaurin mita ɗaya a fili mai kusan mita 40 tsawo, 40 faɗi, a yini guda, da inji guda. Wani ɓangare na ruwan yana komawa ƙasa daga wurin wanki, gaskiya ne, amma ba duka ba, kuma galibi can ƙasa da gidajen yake komawa.

Rijiyar gida ba ta buƙatar faɗuwa mai yawa kafin ta mutu. Masu haƙa sukan tsaya da zarar sun samu ruwan da ya kai ƙugu ko ƙirji a ƙarshen rani. Faɗuwar mita ɗaya ta isa guga ya riƙa dawowa da laka.

Wani tsohon mahaƙin rijiya da ke zaman ne ya kawo hujjar da ta fi ta kowa. Mai unguwa ya ce, "Baba, kai ka haƙa yawancinsu, me ka gani?" Ya ce, "Ranka ya daɗe, a duba waɗanne ne suka fara. Na bakin fadama ne. Na kan tudu har yanzu suna nan yadda suke kowace shekara. In rani ne, na tudu ke fara kuka." Haka abin yake. Fari da tsawon rani sun fi taɓa rijiyar sama, domin ruwanta ke gangarewa ƙasa. Idan ta gangare ta riga ta tudu ƙafewa, akwai mai ja a kusa da ita. Wata dattijuwa ta ƙara da cewa ranar Lahadi da yamma da safiyar Litinin, bayan injuna sun huta, rijiyarta kan ɗan farfaɗo. Rani ba ya hutun Lahadi.

A kan rijiyoyin bakin fadama, ni a ganina magana ta ƙare: laifin 'yan loto ne.

Rafin kuwa shari'arsa ta fi wuya

Shugaban samarin bai yi ƙarya ba da ya ce rafi suke mayar wa ruwa. Sai dai mayarwar ba daidai take da barinsa inda yake ba.

A da fuskar ruwan ƙasa a fadamar ta ɗara ta rafin tsayi, don haka ƙasa ke ciyar da rafi. Da injuna suka ja ta ƙasa, sai abin ya juye, rafi ya koma yana yoyo cikin ƙasa, yana nufar ramuka. Wato wani kaso na abin da injin ke fitarwa ruwan rafin ne da kansa, an jawo shi ta ƙarƙashi an sake zuba shi ta sama. Tsakanin inda yoyon ya fara da inda tiyo ke zubarwa, rafin na iya yankewa ɗungurungum. Ƙasa da wurin zubarwa kuma ruwa na zuwa ne da lokacin aiki: ya taho da yawa da hantsi, ya ɗauke da dare. Mai lambu da ya saba ban ruwa da asuba sai ya tarar da gado a bushe. Kuma abin da aka fitar cikin Janairu shi ne wanda da zai tsattsafo cikin Maris da Afrilu, lokacin da tumatir ya fi buƙata.

Sai laka. Wankin kuza raba nauyi ne da ruwa: kuza ta zauna, yashi da yumɓu su tafi. Yumɓun na kwanciya a gadon rafi ya toshe ƙofofin yashi, har in damina ta zo rafi ba ya shayar da gefensa yadda ya saba. Yashin kuma na ɗaga gadon, rafi ya rasa zurfi, ruwan Agusta ya fantsama cikin gonaki. Wanda ya bi Dilimi daga cikin gari ya yi arewa zai ga faffaɗan gado mai yashi, wanda shekarun wankin kamfanoni suke da hannu a cikinsa. Ba na cikin masu ɗora kowace ambaliya a kan haƙar ma'adinai; wadda ta ci rayuka da dama a Rikkos da Gangare da Unguwar Rogo a Yulin 2012 ta zo ne da ruwan sama mai ƙarfi, ta kuma tarar da gidaje a kan hanyar ruwa. Amma kogin da gadonsa ya cika da yashi ba ya ɗaukar abin da zai ɗauka da yana da zurfinsa.

Duk da haka 'yan lambun sama ba su fita ba. Rafin daga yoyon tafki yake samun farkon ruwansa. Kowane taku da injunansu suka sauke fuskar tafkin, yoyon na raguwa, kuma shekara da shekaru yawan masu ja ƙaruwa yake yi. Raguwar rafin ta fara kafin a buɗe ramin farko. Loto ya zo ya tarar da maras lafiya ne ya ƙara masa. Itacen turaren da ke kan tsibi ma yana da ɗan rabonsa. An fara dasa shi a kan ƙasar da aka baje bayan dokar ma'adinai ta 1946 ta wajabta gyaran wuraren da aka haƙa, kuma itace ne da ba ya zubar da ganye da rani, yana sha duk shekara. Ga burtsatse da ake ta hudawa yayin da Bukuru ke faɗaɗa, ga rufin kwano da siminti da ke kore ruwan sama zuwa lambatu maimakon ya nutse.

Ɓarnar da ba a kawo ƙararta ba

Faɗuwar da inji ya jawo yawancinta tana dawowa in aka daina ja, damina ɗaya mai kyau ta wuce. Ramin da aka bari a buɗe shi ne ba ya warkewa. A irin wannan fadama sau da yawa akwai shimfiɗar yumɓu da ke riƙe ruwan sama-sama, wanda gajerun rijiyoyi ke sha, ta raba shi da tsakuwar ƙasa. Kowane ramin loto huda ce a wannan shimfiɗa. Ruwan sama-sama ya samu hanyar zurarewa, gajeriyar rijiya kuma tana iya rasa ruwanta na rani har abada, ko da an kwashe injuna. Ta wannan hanya ce kuma kashin dabbobi da takin zamani da maganin feshi ke sauka kai tsaye ba tare da ƙasa ta tace su ba. Akwai kuma baƙin yashin da ke saura bayan an ware kuza, wanda a Filato yakan ƙunshi ma'adinai masu fitar da tururin nukiliya. Ba abin tarawa kusa da rijiya ba ne, balle a yi yaɓe da shi.

Abin da aka yanke

Mai unguwa ba shi da ikon rufe rami. Tsarin mulkin 1999 ya damƙa ma'adinai ga gwamnatin tarayya, dokar ma'adinai ta 2007 ita ke ba da lasisi ta ofishinta na Abuja, har da izinin amfani da ruwa, kuma ta hana gurɓata magudanan ruwa. Ƙasar ta iyalan Birom ce da suka ba samarin wuri bisa rabo. Ko umarnin da Gwamna Caleb Mutfwang ya sa wa hannu a Fabrairun 2025 na dakatar da haƙar ma'adinai a jihar, matsalar tsaro ce ta fi tura shi, ba ta rijiya ba. Don haka sulhu aka yi, da masu ƙasa a zaune.

An ja iyaka daga rijiyar ƙarshe, ba za a buɗe sabon rami a cikinta ba. Wannan zai rage, ba zai hana ba, tun da kwarin ruwa ba ya tsayawa a turke. An ce ruwan wanki ya fara zama a ramin tace laka kafin ya shiga rafi, wanda shi ne sharaɗi mafi arha kuma mafi amfani ga 'yan lambun ƙasa, in har ana yashe ramin. Ruwan da ke fitowa garau kafin a fara wanki za a ja tiyo a kai wa gidajen gangare don wanki da wanka. 'Yan lambun tafki za su raba kwanaki. An kuma ɗora wa tsohon mahaƙin da wani malamin makaranta auna rijiyoyi uku, ta bakin fadama da ta tsakiya da ta tudu, kowace Juma'a da asuba da igiya mai ƙulli, a rubuta a littafi. Wannan ya burge ni fiye da sauran, don baɗi in aka dawo gaban mai unguwa ba za a tsaya kan "na ce, ka ce" ba.

Inda aka cije shi ne cike ramuka. Samarin sun yarda da baki, amma kowa a wurin ya san ranar da kuza ta yanke, ranar ake naɗe tiyo a koma wata fadama. Wani daga cikin masu ƙasa ya kawo shawarar a riƙa cire wani abu daga kowane awo a ajiye wurin mai unguwa, kada a mayar sai an cike rami an daddaɓe shi da yumɓu. Samarin suka ce wannan ba a hannunsu yake ba. Injin da janareta da kuɗin mai duk na mai sayen kuza ne da ke cikin gari, shi ke yanka farashi, shi ke cire bashinsa kafin a raba. An aika masa, bai zo zaman ba.